Tarin Ladan

Tun ranar da ta ga hoton jirage tsamo-tsamo cikin ruwa a filin jirgin Dubai, Mariyatu ba ta ƙara jin ɗanɗanon abinci ba. Ɗanta Hamidou yana can. Bayan ƙaramar Sallah ta kwashe jarin rumfarta ta kasuwar Hédzranawoé ta damƙa masa ya saro mata abaya da turare. Ko rakiya bai bari ta yi masa ba, wai kada ta sha rana. Abokinsa Abdoul, mai canjin kuɗi, shi ya ɗauke shi a babur.

Kullum sai ya kira ta. Murya kawai, don wayarsa ta sha ruwa, hoto ba ya fita. An soke jirgi, masauki ya yi tsada, yunwa ta dame shi. Ta kai wa Abdoul abin da ya samu, shi ya san hanyar aikawa. Ta kai, ta sake kaiwa.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne Malam Buraima, ladanin masallacin bayan gidanta. Tsohon da ya kamata ya huta tuntuni, ba ya iya haɗa kabbara biyu sai ya yi tari a tsakani, tarin kuma a cikin lasifika. Sau da yawa tana tsakiyar magana da ɗanta zai cika mata kunne, har ta rasa ta ina sautin yake shigowa.

Da aljihu ya bushe, sai ta tuna da takardar inshorar da Hamidou ya bar mata kafin tafiya, abin da yaran yanzu ke ce wa asurans. A lokacin tsaki ta ja. Mutum ya zauna a ofis yana sayar da alkawari a kan ruwan da Allah bai saukar ba, wannan ma sana'a ce? Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ƙulle awarwaron zinaren da ta gada wurin uwarta a bakin zane. In masu inshorar sun hana, daga can sai wurin maƙeri ta sayar.

Ofishin yana can cikin gari, kusa da bakin teku, tafiya mai nisa daga unguwarsu ta Zongo. Ta tarar da wani saurayi, Tawfiq, da wando ɗamamme kamar an zana masa. Ta dube shi sama da ƙasa. Ɗan Zongo ne, ta san kakarsa mai ƙosai, amma sai da ya fara yi mata Faransanci kafin ya tuna yana jin Hausa.

Ya duba takardar, ya ce tana aiki. An saye ta kafin a yi shelar ruwan, don haka in iska ko ambaliya ta sa aka soke jirgi, su ke biyan masauki da abinci, har da sauyin tikiti. Abu ɗaya suke bukata: shaidar kamfanin jirgin cewa an soke tafiyar.

"Shaida?" in ji Mariyatu. "Duniya duk ta ga ruwan nan, kai kaɗai ne ba ka gani ba? Ranar karɓa ba ku nemi shaida ba."

"Mma, ba hanawa na yi ba. A filin jirgi ake ba kowa, kyauta. Bai turo miki ba?"

"Yaron da ke kwana da yunwa ne zai bi layin takarda?"

Tawfiq ya juya alƙalaminsa. "A wane masauki yake?"

Ba ta sani ba. Ba ta taɓa tambaya ba. Wannan ya ƙara tunzura ta. Ɓarayin zaune, kawai hanyar zillewa suke nema. Ta zaro wayarta, ta kira Hamidou, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta dangwara ta a kan tebur.

"Ga shi nan. Ka ji da kunnenka, jikan mai ƙosai."

Hamidou ya ɗauka da muryar galabaita. Har yanzu ruwa bai janye ba, Mma. Masu masauki sun ce za su fitar masa da kaya. In da hali ta ga Abdoul kafin magariba.

Mariyatu ta ɗaga haɓa tana kallon Tawfiq, hannunta a kan ƙullin awarwaron. A ofishin ba a jin komai sai ƙugin na'urar sanyi. Babu masallaci ko ɗaya a layin.

Sai kiran sallar azahar ya taso daga cikin wayar, kusa da Hamidou kamar a kan katangarsa. Kabbara ɗaya, sannan tarin Malam Buraima.