Akwatin da Ya Rage a Bariki

Ƙawata Saude, matso kusa, wannan ba na tsakar gida ba ne.

Lokacin da Bature ke rangadi da ƙafar mutane, Lauwali ne shugaban 'yan dakon Kazaure. Shi ba ya ɗaukar komai sai bulala. Bayan an auna wa kowa kayansa, sai ya cusa kanwarsa ta sayarwa a ciki. A haka wani Mamuda ya faɗi a hawan dutsen Roni, bai sake tashi ba. Lauwali ya ce ai dama rago ne.

Shekara ta zagayo, rangadi ya sake tashi. Da safe aka tarar mutum ɗaya ya gudu, ga akwati guda a ƙofar bariki. Bature ya nuna akwatin, ya nuna Lauwali.

Inno mai sharar bariki ce ta ɗaure akwatin. Mace ce marar magana, wadda ba ta zuwa ko'ina sai neman itace wajen dutsen Roni duk ranar Juma'a. Ta ce tukwanen kuku ne kawai. Har ta miƙa wa Lauwali wani tsohon gammo.

"Ungo, ranka ya daɗe. Ya saba da hanyar."

Mutum uku suka taru kafin su aza masa. Tun bai bar gari ba wuyansa ya fara nitsewa cikin kafaɗu. Ya so ya sauke, amma waɗanda ya saba yi wa bulala suna biye, suna kallo. Tafinta ya matso yana dariya, ya ce Turawa na da kalmomi barkatai na wanda kaya ya danne, ko ya koya masa ɗaya? Lauwali bai samu numfashin zagi ba.

A tsakiyar hawan nan na Roni gwiwarsa ta lanƙwashe, wani abu ya yi ƙara a ƙashin bayansa. Ya rayu, amma har ya koma ga Allah bai ƙara kallon sama ba.

Akwatin ya fashe. A ƙarƙashin tukwane sai ga duwatsun wurin, kowanne naɗe a tsumma, wajen hamsin, yawan Juma'o'in shekara.

Kullum ina roƙa mata gafara, Saude, ke kuma don Allah ki bar shi a cikinki: gammon na mahaifina Mamuda ne, Inno kuwa ita ta haife ni.