Akuyar Matar Masaƙi

Ka ce ba ka ga abin da dabba take yi wa mutum ba, ban da nama da nono. To, saurara.

Wani tsohon masaƙi ne matarsa ta rasu, ba su da ɗa a raye. 'Yan ta'aziyya suka zo suka yi addu'a, bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. Tsoho ya shiga ɗaki, ya saki asabari, ya kwanta. Zare ya yi ƙura a masaƙa. Maƙwabta su aiko da tuwo, a zo a ɗauke shi yadda aka kawo. Ko masallaci ya daina fita, sai ya yi sallarsa a zaune a bakin gado. Duk wanda ya leƙa ya san mutumin nan jiran tafiya yake yi.

Matar ta bar akuya guda, ja, mai karyayyen ƙaho. An so a yanka ta a yi sadaka, ya ce a bar ta. Ranar da ƙanwar marigayiya, wadda ta tsaya tana kula da gidan, ta koma garinsu, akuya ta rasa mai kula da ita, ta yi ta kuka a turke. Ya juya wa ƙofa baya, kukan bai tsaya ba. Shi kuwa ya san dabbar da ke ɗaure amana ce, ba ta da inda za ta kai ƙara sai wurin Allah. Ya tashi da ƙyar, ya ɗebo ruwa a randa ya ajiye mata. Ta sunsuna, ta kau da kai. Ashe marigayiya ta sabar mata da ƙasari, ruwan nan da ake wanke surfe da shi, tun tana ƙarama ba ta shan ruwa zalla. Ƙasari kuwa sai gidan da ake daka. Dole ya sa hula, ya ɗauki ƙwarya, ya yi sallama a gidan maƙwabci.

Tsohuwar gidan ta fito ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Au, Malam! Mu mun yi ta sallama ka yi mana kunnen uwar shegu, akuya ta kira ka ka amsa? To wallahi ba na ba ta sai ka shanye wannan a gabana." Ta miƙa masa kunu. Ya sha, don akuya tana jira.

Kashegari ma haka aka yi. Harawar da ke rumfa ta ƙare, ya ɗauki lauje ya bi gefen fadama, ƙafafunsa suka soma dawowa. Wata rana yana tafe da ciyawa aka kira la'asar, ya ji kunyar wuce ƙofar masallaci, ya sauke kayan ya shiga sahu. Kafin damina ta faɗi an sake jin ƙarar masaƙarsa a gindin darbejiya, akuya tana kwance kusa da ƙafarsa tana tuƙa.

Liman ya ce masa, "Allah ya ba da ladan kiwon marainiya." Tsoho ya ce, "Wa ke kiwon wa? Allah ya ga ba zan tashi don kaina ba, sai ya bar mini wadda zan tashi dominta. Alhamdulillahi."

Ita akuya ba ta san ta yi komai ba. Ƙishirwa ta ji, ta yi kuka. Amma rahamar Ubangiji ba ta raina ƙofar da za ta shigo. Tsoho ya ba akuya ƙasari, ita ta ba shi sauran kwanansa. Shi ya sa Hausawa suka ce, zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka ne.