Ƙafar Hagu

Sau uku yana isa ƙofar ofishin manaja da takardar barin aiki a aljihu, sau uku yana juyowa. Gidan talabijin sun ba shi zuwa Juma'a: ko ya bar masaƙar nan ta Bompai ya zama ɗan wasansu na dindindin, ko su nemi wani. Shekara biyu ke nan yana fitowa a matsayin wani tsoho mai ɗingishi da faɗa, Kano duk tana dariya, bai kuwa taɓa faɗin inda ya samo tafiyar ba.

Ya kasa tsayuwa wuri ɗaya, ya fita bakin get. Maigadi, tsohon soja, yana kan benci yana cin goro.

"Ɗan wasa, zo nan," in ji tsohon. "Na kalli na ranar Asabar a gidan maƙwabta. Ka ɓata."

Ɗan wasan ya matso kusa da bencin. "Me na ɓata, Baba?"

"Ƙafar dama ka ja. Tawa ta hagu ce. Hutun wata guda ka yi ba ka ganni ba, har ka manta. Yanzu kuma an ce tafiya za ka yi. Wa za ka riƙa kallo a can? Junanku?"

Jiniyar komawa aiki ta kaɗa. Tsohon ya miƙe zai rufe get, a hankali fiye da kullum.

"Duba da kyau," ya ce.

Ɗan wasan ya tsaya ya duba tafiyarsa. Sannan ya wuce ofishin manaja ya nufi ɗakin saƙa, yana gwada jan ta hagu.