Takardar Ranar Farko

"Wadda aka yi wa fyaɗe ba haka take magana ba," in ji babban jami'in, yana ture bayanin gefe. "Dubi idonta a bushe ƙamas, sai ka ce mai karanta labarai."

Yayar budurwar ta matso gaban teburinsa. Yau kwana tara tana rako ƙanwarta ofishin 'yan sandan nan. A tsaye, gaban masu cigiyar babur da masu rigimar fili, aka fara sa ƙanwar ta faɗi abin da mai shagon da take koyon ɗinki ya yi mata. Wannan ya ce ba teburinsa ba ne, wancan ya tafi hutu da makullin durowa. Duk wanda aka tura su wurinsa sai ya ce a faro daga farko: wace riga ta sa, me ya hana ta ihu. A karo na bakwai ta zayyano komai tiryan-tiryan, ko muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ranka ya daɗe, hawaye kake nema?" in ji yayar.

Ta zaro wata takarda a cukuikuye daga jakarta, ta warware masa a kan tebur. Tawadar duk ta narke, sai tabo shuɗi-shuɗi.

"Ga bayaninta na ranar farko. Kofur ɗinka ya ce ta jiƙe, ba ta karantuwa, ya jefa a kwandon shara, na tsince. Hawayen ke nan. Ku kuka zubar da su."