Ma'aunin Zafin Gidan Mang

Ranar da Mang ya sa wa ma'aunin zafin gidansa kwaɗo, sai da ya tara kowa ya yi lacca.

Gidan hawa biyu ne a bayan titin Fordham Road, can ƙasar waje, boila ɗaya, wato tukunyar gas, ke ɗumama shi. Mang da matarsa Filomina suna ƙasa. A sama akwai ɗan haya, Sumani, mutumin Kumasi, direban tasi mai jiran fasinja a filin jirgin JFK, da tsohuwarsa mai ciwon gwiwa. Ma'aunin yana bangon zaure, gindin matakala, inda kowa ke bi.

"Abin nan ba shi da wayo," in ji Mang. "Iskar da ke kusa da shi kawai yake ji. In ya ji sanyi ya ta da boila, in ya ji ɗumi ya kashe. Na sa shi a sittin da takwas, wato ashirin a lissafinmu na gida, iyakar abin da doka ta ce. Mai jin sanyi ya sa suwaita."

Ya kifa wa ma'aunin akwatin roba mai ramukan shan iska, ya kulle, makulli ya shige aljihu. Mang mutumin Pankshin ne, garin sanyi. A ganinsa sanyi gadon gidansu ne, mai kuka da shi kuma tarbiyya ce ba ta ishe shi ba.

"Maigida, tsohuwa da riga uku take wuni," in ji Sumani.

"Ta ƙara ta huɗu."

Ba a jima ba Mang ya fara dawowa daga aiki yana tarar da gida kamar gidan burodi. Bututun ɗumi ba ya taɓuwa. Kwaɗo na nan lafiya, ma'auni na nan inda ya bar shi. Takardar kuɗin gas ta zo, ya karanta ta a tsaye, ya ƙarasa a zaune.

Ya kira mai gyara. Mutumin ya duba boila, ya duba waya, ya ce komai ƙalau, sai dai fentin da ke ƙarƙashin akwatin ya fara kumbura, ko bango na tsatsafo. Mang bai kira shi don fenti ba.

Lissafin ba wuya. Wa ke wuni a gida? Tsohuwa. Wa ya yi ƙorafi? Ɗanta. Direba kuwa ai ba ya rasa abokin da ke yanka makulli. Filomina ma tana gida da rana, amma barci take, don aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, kuma ita ta fi kowa zafi a maganar.

"Baban Aminci, kai ne kake da haƙuri," ta ce, tana zuba masa miyar kuɓewa, wadda ta zama abincin gidan tun shigowar sanyi. "Mutum ya ci arziƙinka, ya kuma gasa ka."

Mang ya canza kwaɗo. Ya daina amsa sallamar Sumani. Sumani ya koma hawa matakala da ƙarfin da bai zama dole ba. Ran nan suka yi kiciɓis a zaure.

"Malam Sumani, ka san sata sunanta sata, ko da ta ɗumi ce?"

"Maigida, da na iya buɗe akwatin nan, da kai zan sa a ciki."

Haya ta ƙare a tsakiyar sanyi, Mang ya ƙi sabuntawa. Filomina ta ce ya yi daidai, ta maimaita a coci ga duk wanda ya tambaya, da wasu da ba su tambaya ba.

Ranar tashi, Sumani ya cika tasinsa da kaya, ya sauko da tsohuwa a goye, da rigunanta uku da bargo. Babu wanda ya yi wa wani sai wata rana. Filomina tana kallo ta taga, da 'yar shimi a jikinta, boila na ruri a ƙasa.

Da ta hango motar Mang ta shawo kwana, ta fita zaure kamar kullum, ta ɗauke ledar daskararriyar kuɓewa daga kan akwatin, ta goge ruwan da ya gangaro bango, ta shiga kicin ta ɗora miya.