Ƙarƙashin Barandar Dujam

Fallen kwanon rufi na bakwai ya ƙi zama. Frane ya tokare kwanon da kansa, ƙusa uku a baki, yana laluben guduma. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma ƙarƙashin barandar bai kai tsayin mutum ba, ko da mutumin ya fara rankwafawa.

Dabarar ba wuya. A jera kwano a ƙasan katakon, a ɗan karkata shi, ruwan da ya zubo ya gangara indararo ya kama hanyar teku. Wuyar ita ce iskar kudu ta taso tun jiya, kuma a tsibirin nan kwana biyu take bai wa mutum kafin ruwan Oktoba ya sauka. Abin da ke ƙasan barandar kuwa ba ya jure laima.

Wanda ya gina barandar ya bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin katako da katako, don ruwa ya wuce kada itace ya ruɓe. Shekara arba'in ke nan, ko ɗaya bai ruɓe ba. Kafinta ne na ƙwarai. Bai dai yi tunanin ƙasa ba.

Mande, maƙwabciya, ta leƙo ta kan katanga da kwandon ɓaure.

"Frane, rami zai zo da kansa, ba sai ka yi gwaji ba."

"Ina auna tsawonsa ne. Zan auna miki naki in na gama."

"Bakinka ya sari dutse. Baƙina sun tafi, jiya a gadona na kwana. Har na manta yadda yake."

Haka ake yi a garin. Da rani kowa ya bar wa masu yawon shan iska ɗakunansa, ya lallaɓa cikin sito tsakanin tulunan man zaitun da komar kifi, Oktoba ta yi a koma sama. Ba wanda ke kiran wannan talauci. Kasuwa ake ce masa.

"Baƙin gidan nan fa?" in ji ta.

"Da kwamfuta suke aiki. Sun ce sai Afrilu."

Mande ta dubi kwanon, ta dube shi. Ta ajiye kwandon a kan katanga, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta shige.

Da hantsi Dujam ya sauka daga jirgin ruwan birnin Split. Shi ne mai gidan, shekara biyu ke nan da takardun suka koma sunansa. Ya tsaya daga bakin tsani, don takalminsa fari ne.

"Zai riƙe?"

"Hau ka zuba mu gani."

Dujam ya hau da bokiti, ya sheƙa a kan katakon. Frane ya tsaya a ƙasa yana saurare. Ruwan ya bi kwano, ya bi indararo, ya fice. Wuri ɗaya ya ɗiga, jikin ginshiƙin da ke da tsage-tsagen wuƙa daga gwiwa zuwa kafaɗa, kowane tsage da shekara a gefensa. Frane ya shafa kwalta, yana kewaye tsagen a hankali.

"Da ka shafe duka," in ji Dujam. "Ya fi sauri."

"Ya fi sauri," in ji Frane, ya ci gaba da kewayewa.

Wata baƙuwa ta leƙo daga sama da kofin gahawa, ta tambaya ko bugun gudumar zai daɗe, don tana da taro. Sai ta nuna Frane da haɓa. Wane ne?

Dujam ya gyara agogonsa. "Shi ke kula da wurin."

Ba ƙarya ya yi ba.

Kafin ya koma jirgin azahar ya tsaya, ya ce zai turo na'urar ɗumama ɗaki, wata shida ne kawai, kamar gobe. Frane ya ce ai kamar gobe ne. Dujam ya ɗaga hannu kamar zai dafa kafaɗarsa, ya ga kwalta, ya fasa.

Da la'asar ruwan ya sauka, kwana ɗaya kafin lokacinsa. Kwanon ya ɗauki ƙara, indararo ya cika ya tumbatsa, ƙasa ta zauna a bushe. Aikin ya yi kyau. Sai can gefen ginshiƙin, inda kwalta ba ta taɓa ba, ɗigo ɗaya ya biyo tsagen sama, na shekara goma sha biyu, ya sauko a kan sauran ɗaya bayan ɗaya.

Frane ya yi kallonsa har ya kai ƙasa. Sannan ya janye gadonsa taku ɗaya daga ginshiƙin da ya riƙa auna tsayin ɗansa Dujam a jikinsa, ya zauna yana jin takun baƙi a ɗakin da aka haifa masa shi.