Barkonon Korar Baƙo

"Turmin atamfa," in ji Kasali, "muddin baƙon nan ya bar min gida cikin mako ɗaya."

Tabawa mai tuwo ta cafke turmin. "Sai ya yi hawaye, Baba Kasali."

Baƙon dai Kwabena ne, ɗalibi daga Kumasi ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana, ya zo aikin sa kai a wani ɗakin shan magani a Bukuru. Mai unguwa ne ya sauke shi a ɗakin da Kasali ke lazimi, ga shi kullum da safe sai waƙoƙin coci. Korar baƙo abin kunya ne, amma wa ya hana a cika masa yaji?

Kwana bakwai Tabawa na zabga barkono a miyar da take zuba wa Kwabena, har masu wucewa na atishawa.

Rana ta takwas Kwabena ya zo ya durƙusa gaban Kasali.

"Baba, da har na ɗaure akwatina, abincin garin nan lami ne. Amma wannan miya sak ta uwata! Na nemi ƙarin shekara, an kuma ba ni."

Tabawa ta sami atamfa da mai sayen tuwo na shekara guda. Kasali ya rasa atamfa, ya rasa ɗaki. Yanzu a zaure yake lazimi, yana karkarwar sanyi.